Sabuwar Linux ta ƙi hawa intanet: laifin direba ne ko na mai saiti?

Nasiru: Assalamu alaikum. Jiya na ɗora Ubuntu Server, wani nau'in Linux, a kan wata tsohuwar kwamfutar tebur. Na soka kebul, fitilar bayan tana ƙyaftawa, amma ko ping, umarnin gwada haɗi, ba ya fita. Na buɗe fayil ɗin Netplan, inda ake saita haɗin intanet, na rubuta eth0 a matsayin sunan katin intanet kamar yadda na saba, shiru kake ji.

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Kada ka wahalar da kanka, ƙanena, direba ne, wato manhajar da ke sarrafa katin. Duk lokacin da aka ɗora sabon tsari ya ƙi intanet, can za ka nufa. Na daɗe a wannan harka.

Hauwa: Malam, a yi mini afuwa, ban yarda ba. Ai shi da bakinsa ya faɗi cutar: eth0. Tun 2013, da aka saki fitowa ta 197 ta systemd, manhajar da ke tayar da tsarin Linux, aka fara raɗa wa kati suna gwargwadon inda yake zaune a jikin allon kwamfuta, irin su enp3s0 na kebul da wlp2s0 na waifai. In ka rubuta wa katin da babu shi saiti, wa zai amsa maka? Ga fitila ma tana ci.

Malam Bala: Fitila ba shaida ba ce, Hauwa. Akwai katin da yake kunna ta tun kafin tsarin ya tashi. Kuma kin manta wuyar da masu katin waifai na Broadcom suka sha? Debian kanta sai a fitowa ta 12, a 2023, ta yarda ta sa firmware (manhajar da katin kansa ke aiki da ita) mai rufaffen lasisi a faifan girkawa na hukuma. Kafin nan sai ka gama komai ka tarar babu waifai, abin da za ka sauke gyaran da shi kuma intanet ne. Kaza da ƙwai ke nan.

Hauwa: Batun fitila na ba ka gaskiya. Amma waccan matsalar ta waifai ce, shi kuwa kebul ya soka.

Sagir: Ku dai koma Windows ku huta, jama'a.

Injiniya Tukur: Sagir, ba ka taɓa ganin alamar rawaya a Device Manager bayan ɗora sabuwar Windows ba? Ni da wayata na jona ta USB na ba kwamfutar intanet kafin na samu direban. Mu koma kan Nasiru. Wannan gardama umarni biyu ne za su raba ta. Ka buga ip link. In lo kaɗai ka gani, wato haɗin kwamfutar da kanta, ba kati ba, Malam Bala ya ci. In akwai wani suna, ka buga lspci -k, ƙarƙashin katin za ta nuna direban da ke riƙe da shi. Daga nan sai a duba ko rauta ta ba ka adireshi. In ping 8.8.8.8 ya tafi amma sunan shafi ya ƙi buɗewa, DNS ce, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, babu ruwan kati.

Nasiru: Na buga, Injiniya. Sunansa enp2s0, direban kuma r8169. Na gyara sunan, amma netplan apply ta yi mini tsawa da kuskure a layi na biyar.

Hauwa: Ka danna Tab ko?

Nasiru: Wallahi kuwa.

Hauwa: YAML, tsarin rubutun fayil ɗin Netplan, ba ta shiri da Tab, sarari kawai take karɓa, kuma dole layukan su yi sahu. Ka sa dhcp4: true ƙarƙashin sunan don rauta ta ba ka adireshi da kanta. Nan gaba ka riƙa amfani da netplan try, musamman in daga nesa kake shiga, don in ba ka tabbatar ba cikin daƙiƙa 120 za ta mayar da tsohon saiti da kanta.

Nasiru: Alhamdulillahi, ya hau! Rauta ta ba ni adireshi 192.168.1.14. Na gode ƙwarai, Anti.

Malam Bala: To, yau dai kin yi nasara. Amma r8169 ka ce? Akwai katunan Realtek da suke yanke haɗi da shi jefi-jefi, har mutane su koma wani direban, r8168. Kada a yi saurin wanke direba.

Nasiru: Zan bar ping ya kwana yana gudu, Malam. Da safe zan turo abin da ya nuna.