Neman shawara: rubutun Sinanci a jikin kwalin kayan ƙarfe

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. A takardun masu sayar da sifana da guduma daga birnin Guwanju na ƙasar Sin ana rubuta 锻造 a wani, 铸造 a wani, manhajar fassara kuma sai ta ce duk "ƙira" ne. Wanne ya kamata a saya, kuma ina kalmomin suka samo asali?

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Alhaji. Duba gefen hagu na harafin farko a kalmomin biyu, za ka ga 钅. Gajeren 金 ne, "jin", wato ƙarfe ko zinariya, shi ne tambarin sunayen yawancin ƙarafa: 铁 baƙin ƙarfe, 铜 tagulla, 银 azurfa. 锻造 "duwanzao" shi ne ƙira ta dukan ƙarfe da zafinsa. 铸造 "juzao" kuwa zubi ne, a narka a zuba a mazubi. Guduma da sifana na duka ake so, don na zubi yakan ɓoye ƴan ramukan iska a ciki, ya sha nauyi sai ya karye ɓalas, ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi. Japanawa sun ari kalmomin, suna cewa "tanzo" da "cuzo".

Injiniya Rabi: Ƙari a kan na Malam, Alhaji ka nemi kalmomi biyu masu 火, wato wuta. 淬火 shi ne ban ruwa, wato tsoma ƙarfe da zafinsa a ruwa ko mai don ya yi tauri, 回火 kuma mayar da shi wuta bayan ban ruwan. Ƙarfen da suke kira lamba 45, wanda Japan ke rubutawa S45C, kabon ɗinsa kusan kashi 0.45 cikin ɗari ne. Ana kai shi wajen digiri 840 na Celsius a tsoma, sannan a sake gasa shi: 150 zuwa 200 in ana son tauri, 550 zuwa 650 in ana son ya jure duka. In aka tsallake na biyun, bakin guduma zai riƙa tsagewa yana fallatsa. Da Japananci "yaki-ire" da "yaki-modoshi", shigarwa da mayarwa.

Malam Habu: Haka ne, Hajiya. Su Japanawa suna da nasu na gado. "Hagane", ƙarfe mai tauri, daga "ha" kaifi da "kane" ƙarfe. "Kaji", maƙeri, ya taƙaitu ne daga "kane-uchi", dukan ƙarfe. "Tamahagane" na takubba, wanda ake narkawa daga yashi mai ƙarfe a murhun gargajiya mai suna tatara a lardin Shimane na Japan, ba shi da alaƙa da tamarmu. Can "tama" dutse mai daraja ne.

Injiniya Rabi: Ka kuma kula da 生铁, "ɗanyen ƙarfe": na zubi ne mai kabon sama da kashi 2 cikin ɗari. Ka gan shi a jikin sifana, bar ta.