Baƙin da ke zuwa kallon hawa, gyara suke mana ko ɓatawa?

Ɗan_Kwarbai:
Salam jama'a. Kawuna mabushin algaita ne, gado ne a gidanmu. Bayan hawan Daushe na ƙaramar sallah wani mai kawo baƙi daga Abuja ya kwashe su shi da yaransa masu ganga, wai su yi ma wasu Turawa wasa a otal. Sun fara taken wani basarake ke nan sai mutumin ya ɗaga hannu wai ya yi tsawo, a yi mai zafi na rawa minti goma a gama, kuma kawu ya ƙara cika kumatu saboda hoto. Kuɗi kam ya samu, amma har dare bai ce ma kowa uffan ba. Ya ci gaba da zuwa ko ya bari?

Bazazzagi77:
Ya je mana malam, yunwa ba ta san take ba. Yanzu biki nawa ake kiran makaɗa, kowa DJ yake ɗauka, yaran gidan kiɗa rabi sun koma acaɓa. In ba irin wannan ba sai dai su jira sallah zuwa sallah.

Malam_Samaru:
A'a Bazazzagi, take fa yana da mai shi. Algaita magana take yi, wanda ya tashi a cikin birni in ya ji busa daga nesa ya san wane hakimi ne ke tafe kafin ya ga doki. In aka saba yanke shi yaron da ke koyo guntun zai riƙe, ƙarshe a rasa mai iya kai shi. Tun da UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Kano a jerinta na al'adun gargajiya na duniya a 2024 na san 'yan kallo za su ƙaru har nan wajenmu.

Yar_TudunWada:
Ni dillalan nan ne ke ban haushi wlh, su karɓa da dala su miƙa ma tsoho abin goro. Ku yi ciniki da bakinku kafin ya ɗau algaitar.

Ɗan_Kwarbai:
Na karanta masa duka. Ya ce zai je, amma taken sarauta sai dai su biyo shi ƙofar fada daren Juma'a su tsaya a ji har ƙarshe. Cinikin kuma ni ya ɗora ma, ni da ko tumatir ban iya tayawa ba.