Shawarwarin masu binciken yunwa a Marwa

Ga abin da aka tsayar a zaman. Tambayoyi uku ne za a yi wa kowane gida don auna yunwa, kan kwana 30 da suka wuce: abinci ya ƙare ƙaf a gidan? Wani ya kwana da yunwa? Wani ya wuni ya kwana bai sa komai a baki ba? A kowace tambaya, in abin ya faru sau 1 zuwa 10 maki ɗaya, fiye da haka biyu. Jimilla 4 zuwa 6, yunwa ta yi tsanani.

A tambayi uwargida ita kaɗai, don a gaban maigida kunya kan sa ta ce komai lafiya. Kada a gwama amsar Agusta da ta kaka.

Fom ɗin KoboToolbox kuwa, wato manhajar da ake tattara amsoshin da ita, a kulle shi da mabuɗin sirri, a adana mabuɗin wuri biyu. In ya ɓace, bayanan sun tafi ke nan.