Gwaji biyu, sakamako biyu: wanne zan kama?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Shekaruna 44, 'ya'yana biyar. Tun bayan bikin babbar 'yata bara jikina ya ƙi komawa daidai. Da farko na ɗauka gajiyar biki ce, don ni kaɗai na yi ta zirga-zirgar kayan ɗaki, daga kasuwa zuwa wurin kafinta, dangin babanta kuwa sai ranar kamu suka bayyana, kuma har yau ban manta maganar da aka yaɓa mini a kan gara ba. To biki ya wuce da wata takwas. Cikin dare sai in farka rigata sharkaf da gumi, ko da hunturu, in juya matashi in koma ɗaya gefen. Gabana yana faɗuwa ba dalili, abu kaɗan in hau yara da faɗa. Al'adata da ba ta saɓa kwana 28, yanzu ta zo a kwana 21, sai kuma ta yi wata biyu shiru, in ta tashi zuwa kamar an buɗe famfo.

Na yi gwajin jini, FSH (sinadarin da ake aunawa don a ga ko al'ada na shirin ɗaukewa) ya nuna 38, wanda ya miƙo mini takardar ya ce al'ada ta ɗauke ke nan. Bayan sati shida na sake a wani wuri, ya nuna 9, estradiol (wato estrogen, sinadarin da ma'ajiyar ƙwai ke fitarwa) kuma yana sama. Aka ce lafiyata ƙalau. To wanne ne gaskiya? Wallahi na rasa inda zan sa kaina.

Hajiya Uwani: Ƙanwata, wannan sanyi ne ya yi miki yawa, ba wani abu ba. Ni na wuce nan. Ki dafa hulba da kanumfari ki riƙa sha safe da yamma, ki bar ba masu gwaji kuɗinki. Na farkon ne gaskiya, tunda ya haura 30 kin gama, ki ma ajiye maganar tsarin iyali.

Maman Hanifa: Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ta ƙarshen akwai haɗari. Ni ma'aikaciyar jinya ce. 'Yar uwa, yana yiwuwa duka biyun daidai ne. FSH saƙo ne da ƙwaƙwalwa ke aika wa ma'ajiyar ƙwai. In ta yi nauyin amsawa sai saƙon ya ƙaru, shi ne kika ga 38. Wani watan ta amsa, estrogen ya hau, FSH ya sauko, shi ne 9. A shekarun gab da ɗaukewar al'ada haka yake hawa da sauka, shi ya sa a ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin lafiya a Ingila, ba a dogara da wannan gwajin ga macen da ta haura 45, alamomi ake dubawa. Ke da kike tsakanin 40 da 45 ana iya yi, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Ba a cewa al'ada ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba jini, kafin nan ciki na iya shiga. A rana ta nawa ta al'ada aka ɗebi jinin? Kina shan ƙwayar tsarin iyali ko allura? An duba miki TSH, wato gwajin maƙoƙo? Don ciwon maƙoƙo ma yana kawo gumi da bugun zuciya. Ga yawan zubar nan kuma, a duba ko jininki ya yi ƙasa.

Mai tambaya: Na gode. Ranar ban riƙe ba gaskiya. Kuma da kaina na je na yi, don layin ganin likitan mata sai mutum ya wuni, ni kuma ina da shago. Ban ga laifina a nan ba, kuɗina na kashe don in san halin da nake ciki.

Ummu Sadik: Ke kin ma samu mai saurarenki. Ni shekara biyu ina fama, maigida ya ce iska ce, aka yi ta yi mini ruƙiyya da hayaƙi. Da na ce masa zafi ke taso mini daga ƙirji zuwa fuska, cewa ya yi kishi ne tunda ya yi amarya. Har yau in na tuna sai hawaye.

Hajiya Uwani: Allah Ya ba ki haƙuri Ummu Sadik. Ni dai na faɗa, iyayenmu ba su san wani FSH ba, kuma sun wuce lafiya. Haihuwa tara na yi, ba karatun takarda zai koya mini jikin mace ba.

Maman Amira: Ni abin da ya fi damuna salla. Watan jiya kwana 12 na yi ina ganin jini, ya ɗauke ya dawo. Malamar islamiyyarmu ta ce a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, amma lissafin mai al'ada sananniya daban ne. Akwai wadda ta fahimce shi sosai?

Maman Hanifa: Maman Amira, ki kai wa malamai tambayar, amma jinin da ke daɗewa haka, ko mai zuwa tsakanin al'ada ko bayan kwanciya da miji, a je asibiti a duba mahaifa. Mai tambaya, ba ki ba ni amsar tsarin iyali ba, kuma yana canza sakamakon.

Mai tambaya: Wannan maganar ba zan iya yin ta a nan ba. Hulbar dai na fara tun jiya, ba za ta cutar ba ai. Kuma wata maƙwabciyata ta gaya mini wani wurin da na'urarsu sabuwa ce, ranar Litinin zan je in yi na uku, in ga da wanne zai dace.

Maman Hanifa: Na ukun ma zai iya ba ki wata lamba daban. Kuɗin nan da kin kai su wurin likita.

Hajiya Uwani: Ki ƙara da citta, ƙanwata.

Mai tambaya: To in ya sake nuna sama da 30 fa, shi ke nan na gama?