Jirgin nan na Landan da ke tafiya da iska, wai na wa ne?

Ɗan Yawuri:
Salam jama'a, ƙanena da ke karatu a Ingila ya turo min hoton wani ƙaton jirgin ruwa da anka ɗora bisa tudu a unguwar Greenwich, wai Cutty Sark, yace babu inji ko ɗaya jikinshi iska kawai ke tura shi da manyan ƙyallaye. Na nuna ma baba, shi da ya tsufa yana tuƙi tsakanin Yawuri da Zamare, sai yace in tambaya mishi na gwamnati ne ko kuwa akwai mai jirgi irin namu? kuma mi yake ɗauka?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Ka gaida mana baba. Asalinshi na ɗan kasuwa ne, John Willis sunanshi, sana'ar gado ce don ubanshi ma jirage gare shi. A garin Dumbarton na Sikotlan anka ƙera shi a 1869, kamfanin da ya karɓi kwangilar ma sai da ya karye kafin a gama, wasu sunka ƙarasa. Ganyen shayi yake ɗaukowa daga Sin, kuma a kasuwar Landan ta wancan zamani wanda ya riga isowa da sabon ganye shi ke cin farashi mai kyau, shi yasa anka yi shi siriri don gudu. Abin tausayi, an saka shi ruwa ran 22 ga Nuwamba, alhali kwana 5 kafin nan an buɗe mashigin Suwez a Masar, jiragen tururi sunka samu yanke su kuma masu iska dole sai sun zagaye Afirka kaf. Zuwa 1877 harkar shayi ta kufce mishi.

Auta Ngaski:
To ai irin abin da Yamaha ya yi ma masu gora da filafili kenan, kakana har ya rasu bai yarda da inji ba wai hayaniya ke korar kifi

Malamin Tarihi:
Auta kusan haka ne, sai dai shi Willis bai saki ba, ya maida shi ɗaukar gashin tumaki daga Ostireliya, can ne ma ya yi suna a hannun wani kyaftin Woodget da ya karɓe shi a 1885. Amma labarin da baba zai fi so shi ne na 1872, suna tsere da wani jirgi Thermopylae daga Shanghai sai guguwa ta ɓalle katakon da ke juya jirgin daga baya, sitiyarin kenan, kafintan jirgin ya haɗa wani nan tsakiyar teku ruwa na dukansu, kuma duk da haka da sati 1 kacal anka riga su isa. A 1895 Willis ya saida ma 'yan Fotugal sunka canza mishi suna zuwa Ferreira.

Hajiyar Albasa:
Malam ni inda hankalina ya tafi mutum ɗaya da jirgi haka? in ya nutse fa? mu nan kwale-kwale ɗaya ma sai kaga 'yan uwa uku sun haɗa kuɗi kuma ranar kasuwa a kasa riba, kuma ko a hakan rigima bata ƙarewa in inji ya lalace kowa ya noƙe

Malamin Tarihi:
Hajiya su ma haka suke yi, a dokar Ingila kashi 64 ake raba jirgi, a ƙananan garuruwan bakin teku sai kiga mai shago da kafinta da shi kanshi kyaftin kowa na riƙe da kashi kaɗan. Irin su Willis masu ƙarfi ne ke riƙe nasu cikin gida.

Ɗan Yawuri:
Na karanta ma baba duka, bai ce komai ba kan shayin, kafintan nan kawai yake ta tambaya wai nawa anka biya shi