Baba zai zo Jamus, ina so in kai shi Kolon: ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatu a Aachen, Babana zai zo daga Zariya ganina wata mai zuwa. Magini ne, shekara arba'in yana aikin, kuma tun da ya ga hoton babbar majami'ar Kolon ya ce sai ya taɓa dutsenta da hannunsa. Kwana ɗaya kawai muke da shi. Gwiwa tana damunsa, kuma ina tunanin salla da abinci. Shin ma ya dace mu shiga ciki?

Wani daga Bonn: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin huta da wahalar mota, don kuna fitowa daga tashar jirgin ƙasa ga majami'ar a gabanku, sai kun ɗaga kai hular Baba ta kusa faɗuwa. Tsawon hasumiyoyinta mita 157. An aza harsashinta a 1248, ba a gama ba sai 1880, domin aikin ya tsaya ɗaruruwan shekaru, ƙugiyar ɗaga dutse ta katako tana tsaye a kan hasumiyar kudu. Ki gaya masa wannan, magini zai fi kowa jin abin a jikinsa. Har yau masassaƙa dutse ba su daina gyara ba, shi ya sa mutanen garin kan ce ranar da aka gama ta duniya ta tashi. Amma ki rufa masa asiri kada ya hau sama. Matakala 533 ce, a matse, tana murɗewa. Ni da ƙuruciyata sai da na kwana biyu cinyata na ciwo.

Hajiya daga Dusseldorf: 'Yata, batun shiga ki bar wa mahaifinki, shi ya san malaminsa. Mu dai mun shiga kallon gini a lokacin da ba a ibada, ba wanda ya taɓa mayafina. Maza ne masu gadi masu jajayen riguna kan ce su cire hula, ki faɗa masa tun a gida kada abin ya zo masa bagatatan. Ku tsaya a gaban tagar da mai zane ɗan Jamus Gerhard Richter ya tsara, aka buɗe ta a 2007, ƙananan gilasai masu launi fiye da dubu goma sha ɗaya. In rana ta haska, launin yana zubowa a ƙasa kamar an shimfiɗa atamfa.

Ɗalibi daga Ehrenfeld, wata unguwa a Kolon: Anti, salla ku zo babban masallacin unguwarmu na Turkawa, ƙubbarsa siminti da gilashi ce, Baba zai so ganin yadda aka zuba ta. Shagunan nama halal sun cika titin. Kuma a 1965 ma'aikata Turkawa sun yi sallar idi a cikin ita wannan majami'ar.

'Yar Damagaram: Kowa ya manta da zane da kiɗa! Gidan zane na Ludwig yana bayan majami'ar, akwai ayyukan shahararren mai zane Picasso da yawa, amma Litinin a rufe yake. Zauren kiɗa na Philharmonie a ƙarƙashin filin da ke gefensa yake, in ana wasa sai a hana mutane takawa don ƙarar takalmi na sauka ciki. Da yamma ku ɗan taka gadar Hohenzollern, inda masoya suka maƙala kwaduna, ku ga kogin Rhine. In ƙafa ta gaji, jirgin ruwa na yawon shaƙatawa yana nan bakin kogin.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba a waya, ya ce hasumiya ya haƙura, amma zai zo da tef ɗinsa na awo, yana so ya san kaurin ginshiƙi ɗaya. Mun tsayar da Talata: majami'a da safe, azahar a Ehrenfeld, jirgin ruwa bayan la'asar. Hajiya, masu jajayen rigunan za su bar shi ya auna kuwa?