Yadda mai kwalliya za ta ci kasuwar Disamba

Da masu sana'ar kwalliya suka tattauna kan hutun ƙarshen shekara, shawarar da ta fara fitowa ita ce a fara ba mutane rana tun Nuwamba. Ranakun 24 da 31 ga Disamba ne ke saurin cika, don haka a karɓi kafin alƙalami, a kuma rubuta wa mutum abin da zai biyo baya idan ya fasa. Wannan ta fi kwanta mini a rai, domin awa ɗaya da ta tafi a banza a watan nan asara ce babba.

An daɗe a kan batun fata. Sanyi na busar da ita, hoda kuma sai ta kwanta a tsagar fatar ta fito fili. Maganin shi ne a fara shafa mai, a ba shi mintuna ya shiga jiki, a rage hoda, a tausasa leɓe kafin jambaki. Lokacin mura ne kuma, a riƙa wanke burushi, abin taje gashin ido kowa da nata.

Wasu sun fi son haɗa ƙawaye a zama guda, zirga-zirga ta ragu. Rana na saurin faɗuwa, sai a tanadi fitila mai haske don hoto, a nemi izini kafin a ɗora a Instagram.

A Janairu kasuwa kan ja baya. Wata ta ce a Disamba take sayar da katin kyauta na koyon kwalliya, wato wanda mutum zai saya ya ba wani kyauta, masu shi su zo mata bayan hutu.